Fensirin Da Ban Ba Ta Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi dogon nazari kafin in kamo bakin zarensu. Amma ranar da muka zo Dutse rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya, ni da ƙawata, ba ta cikin irin waɗannan. Ita kam har in koma ga Mahaliccina ba na jin za ta bar raina. Har yau ina iya faɗa muku gefen da na zauna a mota, da launin 'yar ledar da na riƙe, da abin da ke cikinta: fensir biyu, kilina ɗaya, sai reza ta fiƙa.

A wani ƙauye na yankin Buji aka haife ni, kuma a ƙaramar sakandaren da ke bakin garinmu na yi aji ɗaya zuwa uku. Makaranta ce mai ajujuwa uku, ɗaya ma iska ta yaye rabin rufinsa, sai da damina ta zo muke tuna haka. Malamanmu ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, amma akwai guda ɗaya da ya riƙe makarantar kamar gidansa. Shi ke koya mana lissafi da kimiyya, ranar da mai Turanci bai zo ba kuma ya shiga ya cike gurbinsa. Malam kawai muke ce masa. Dokokinsa biyu ne, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace su. Ta farko, ba a rubuta masa amsa tsirara, sai an nuna hanyar da aka bi aka same ta. Ta biyu, ba a yi masa rubutu da fensir. Yakan ɗaga littafin wanda ya yi hakan sama ya ce, “Wannan ɗan firamare ne ya ɓato hanya, ku raka shi gida.” Aji ya kwashe da dariya, mai littafi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ita ƙawar tawa 'yar Fulani ce, daga rugar da ke bayan gonakin garinmu take zuwa. Sai ta taya mahaifiyarta tatsa da wankin ƙore kafin ta kamo hanya, duk da haka da wuya a buga ƙararrawa ba ta iso ba. Siririya ce mai wushirya, ba ta da hayaniya, idan babba yana magana idonta na ƙasa. Amma a gaban allo wata mutum ce daban. Lissafin da zan cika shafi guda ina kokawa da shi, ita sai ta ɗan lumshe ido ta motsa leɓe, ta faɗi amsa, sannan ta bi ta rubuta hanya don dokar Malam. Tun zangon farko ita ke zuwa ta ɗaya, ni ta biyu, haka muka yi ta tafiya har sunayenmu na yanka suka ɓata a makaranta. Ita Ta Ɗaya, ni Ta Biyu, har mu ma da haka muke kiran juna.

Ina son ta, wannan ba na shakka a kai. Lokacin tara a gindin darbejiya muke zama, ta ciro 'yar jarkar kindirmonta, ni in kwance ƙullin gyaɗa ko gurjiya. Da tsakuwa ta koya min lissafin kashi-kashi bayan Malam ya yi ya yi kaina ya ƙi ɗauka. A nan ta taɓa ba ni labarin saniyarsu da ta mutu wajen haihuwa suna tsaye suna kallo, ta ce tun ranar ta ɗaura niyyar zama likitar dabbobi. Ni kuwa da ta tambaye ni burina, cewa na yi in zauna a birni in sha ruwan firji. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

To amma ni mutum ce mai son a yaba min, kuma bakina ya fi ƙwaƙwalwata sauri. Zuwa ta biyun nan ya daɗe yana ci na a rai. Duk ƙarshen zango idan na kai takarda gida, Baba zai juya ta sama da ƙasa ya ce, “Wai ita 'yar rugar nan kai biyu gare ta ne?” Da wasa yake faɗa, ni kuwa sai in kwana biyu ina jin abin a raina. Ina cin abincinta, ina koyon karatu a wurinta, kuma ina fatan ranar da za ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ne. Duka ukun a zuciya ɗaya suke zaune, ba na ganin wani abin mamaki a ciki.

A hutun da ya gabaci zangonmu na ƙarshe aka tura ni unguwar Yalwawa a Dutse, gidan Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ma'aikacin gwamnati ne. Yana da 'ya sa'ata, ita ma aji uku take, amma a makarantar kuɗi. Kwana biyu da zuwana na gane cewa a lissafi ko ni na fi ta, balle a yi maganar Ta Ɗaya. Sai dai tana da abin da ba mu da shi. Akwai malamin da ke zuwa gida yi mata lesin, akwai littafin tambayoyin shekarun baya mai kauri, akwai kuma wata takarda da ban taɓa ganin irinta ba, cike da 'yan ƙananan gurabe a jere, kowanne da harafi a ciki.

Na ce, “Wannan kuma ta mece ce?”

Ta dube ni ta ce, “Kai, 'yan ƙauye! Takardar amsa ce mana. Ba a rubuta komai a kanta. Ki duba harafin amsarki, ki cike gurbinsa da fensir har ya yi baƙi ƙirin.”

“Da fensir? A jarrabawa?”

“Da fensir. Ai ba mutum ne ke dubawa ba, na'ura ce. Malaminmu ya ce in kika yi da biro ko kika yi rubutu a gefe, kamar ba ki yi komai ba ne.”

Ta zaunar da ni na cike layi uku ina gogewa ina sakewa har hannuna ya saba. Ranar da zan koma gida ta ɗauko fensir biyu sababbi da kilina ta ba ni, ta ce in ɗaya ya karye ga ɗaya. Allah ya saka mata da alheri, ita ta yi nata.

Wallahi a motar komawa da niyyar gaya wa Ta Ɗaya na taho. Har tsara yadda zan yi mata burga nake yi, in ce yau ni zan koyar da ke. Sai aka yi rashin sa'a, a makon da muka koma Malam ya yi mana gwaji, ta cinye duka, ni na faɗi uku. A ranar ce kuma ya sanar cewa bana a karon farko makarantarmu za ta tura ɗalibai jarrabawar makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, kuma mu biyu ya zaɓa. Ya dafa teburinta ya ce, “Wannan kam ba ni da haufi a kanta.” Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Ke kuma ki dage.” Na koma gida na tura fensiran ƙarƙashin kayana, na ce gobe na gaya mata. Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa har wata biyu. Malam ma ban gaya masa ba, alhali na san shi kansa bai taɓa kai kowa wannan jarrabawar ba. Ban taɓa zama na ce zan cuce ta ba. Cewa nake yi a raina ai za a yi bayani a can, ai ita mai ƙoƙari ce za ta gane. Shekaruna goma sha huɗu, amma na riga na iya yi wa kaina ƙarya mai kyau.

Ranar jarrabawa da sassafe muka haɗu a bakin titi. Mahaifinta ne ya rako ta, Baffa muke ce masa, dogo da sandarsa a kafaɗa. Ya gaisa da Malam hannu biyu ya ce, “Malam, ga amana nan.” Sannan ya juyo wajena, na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “'Yata, ke kika san birni. Ki kula min da 'yar'uwarki.” Na ce, “To, Baffa, in sha Allahu.”

Malam ya shiga gaba, mu muka matsu a kujerar baya, ita a jikin taga don ba ta taɓa zuwa Dutse ba. Mota ta ɗan yi nisa sai ta kwance bakin hijabinta ta nuna min biro biyu shuɗɗa, sababbi fil, ko murfinsu ba a taɓa cirewa ba. Ta ce Dadarta, wato mahaifiyarta, ce ta sayo mata ranar kasuwa. Sai idonta ya sauka a kan ledata.

“Ta Biyu, mene ne wannan? Fensir?” Ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. “Kar ki bari Malam ya gani, yanzu ya ce a raka ki firamare.”

Ga ƙofa nan ta buɗe min da kanta. Jimla ɗaya ta isa. Sai na taya ta dariya na ce, “Ke dai bari, tsarabar birni ce.” Na naɗe ledar na cusa ƙarƙashin cinyata. Daga nan duwatsun Dutse suka fara bayyana, ta manna fuska a gilashi tana nuna min yadda wani ya hau kan wani bai faɗo ba, maganar fensir ta wuce.

Wurin jarrabawar ya cika maƙil. 'Yan matan gari da fararen safa da gorar ruwa, wasu iyayensu sun kawo su a mota suna ta yi musu nasiha ta taga. Mu kuwa muka raɓe a jikin bango da silifas ɗinmu da muka wanke tun jiya. Aka hana su Malam shiga, aka zaunar da mu bisa lamba. Ta Ɗaya ta faɗo layin da ke hagu da ni, benci biyu a gabana, ina ganin bayanta sosai.

Aka raba takardu, ga ta nan sak irin ta Yalwawa. Matar da ke kula da ɗakinmu ta yi bayani da Turanci mai gudu irin wanda ba mu saba ji ba, ta ƙare da cewa kowa ta ciro fensirinta. Wasu 'yan mata uku daga can baya suka ɗaga hannu suka ce ba su da shi. Matar ta riƙe ƙugu ta ce, “Daga wane daji aka kwaso ku?” Ɗaki ya ɗauki dariya. Aka karya fensirin wata aka raba musu, suna karɓa kansu a sunkuye.

A daidai nan Ta Ɗaya ta waiwayo ta dube ni. Sau ɗaya tak. Ba ta yi magana ba, ba ta miƙo hannu ba, kallo ne kawai na mai tambaya. Fensir ɗaya yana hannuna, ɗayan yana kwance a kan benci kusa da kilina. Ba a fara ba tukuna, ko tashi na yi na kai mata ba wanda zai ce min don me. Sai na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba lambata. Da na ɗago ta riga ta juya, na ga gwiwar hannunta ta motsa, ta cire murfin biro. Na san ta, na san gidan da ta fito. Yarinyar da ko ruwa ba ta iya roƙo a gidan da ba nasu ba, ba za ta ɗaga hannu a ɗakin da aka gama yi wa wasu dariya ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Da muka fito Malam yana jiranmu a inuwa da ledar dabino. Ya ce, “Yaya?” Ta ce, “Malam, da sauƙi. Guraben sun yi ƙanana, sai na rubuta harafin amsa a gefen kowace lamba. Na lissafi kuma na nuna hanya a bayan takardar, yadda ka koya mana.” Malam ya washe baki ya ce, “Madalla! Haka nake so.” A hanyar komawa ta yi ta tuna tambayoyin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin amsoshinsu, ina lissafa waɗanda na kuskure a zuci. Sun kai bakwai a lissafi kaɗai. Dabinon da Malam ya ba ni har muka iso gida yana hannuna, ban ci ba.

Damina ta kankama, ana tsakar noman farko, Malam ya zo ƙofar gidanmu a kan babur da takarda a aljihu. Sunana ya fito, nata babu. Gidanmu aka yi ta guɗa, Baba ya ce yau dai Ta Biyu ta zama ta ɗaya. Abin da na shekara uku ina jira ke nan, ya zo, kuma ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Malam bai yarda ba, sau biyu yana zuwa Dutse bin ba'asi. A zuwa na biyu wani ya zaunar da shi ya yi masa bayanin takardar da na'urar. Na gan shi bayan nan a gindin darbejiyarmu ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana cewa wani malami, “Ni na kayar da yarinyar nan. Da hannuna na kayar da ita.” Ina tsaye a bayansu da tsintsiya, na ji, na wuce.

Ana jibi zan tafi makaranta ta zo min sallama. Ta kawo min man shanu a 'yar kwalba, muka zauna a zaure kamar baƙin juna. Can ta kwance bakin hijabi ta ciro biro ɗaya, wanda ba ta buɗe ba, ta ajiye a cinyata.

“Ki tafi da shi, Ta Biyu. Can za ki fi ni bukatarsa.”

Na ce, “Ai Malam ya ce za ki maimaita aji, ki sake baɗi.”

“In Allah ya so.” Ta ɗan yi wasa da bakin tabarma. “Kin san na ga kina da fensir guda biyu ranar nan. Na so in ce ki ara min, sai na tuna dariyar da na yi miki a mota, na ji nauyi. Laifina ne. Ki yafe min dariyar.”

Jama'a, ita ce ta nemi gafarata. Ni kuma da bakin nan nawa da bai taɓa rasa abin faɗa ba, na buɗe shi na ce, “Ba komai.” Na raka ta har bayan gari, ta bi ta cikin gero tana waiwaye tana ɗaga min hannu, har ganye ya rufe ta.

Baffa ya amince ta maimaita, ta ma fara zuwa. Sai dai a shekarar nan, gonaki sun matse burtalin da shanunsu ke bi, bayan girbi suka tashi suka yi kudu. Da na dawo hutun farko ko kaya ban kwance ba na nufi rugar. Ba kowa, sai da'irar inda bukkoki suka tsaya da turakun da aka bari. Na tsaya a wurin da nake zaton nan ne ɗakin Dadarta, na kira ta da sunan da nake kiranta, a hankali, don kar wani ya ji ya ce na taɓu. Na yi kukan da ban yi a zaure ba.

Yau ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutse, ina zaune a Yalwawa, ina kuma shan ruwan firjin da na yi buri. Na yi cigiyarta a wurin duk wanda na ji ya fito daga yankinmu. Wani ya ce ya ji suna wajen Bauchi, wani ya ce sun wuce nan. Idan mace mai wushirya ta miƙo min hannu zan ɗebi jini, sai na saci kallon fuskarta sau biyu. Ban sani ba ko ta ci gaba da karatu a wani wuri, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Ban kuma isa in rantse cewa da na ba ta fensirin da yau likita ce ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne kujerar da na zauna a makarantar kimiyyar nan shekara uku, akwai wadda ta fi ni cancantarta, kuma ina kewarta irin kewar da ba ta raguwa. Ina kewar kindirmon nan mai ƙanshin hayaƙi, da yadda take motsa leɓe kafin ta faɗi amsa. Tun da muka rabu ban sake samun wanda ya kira ni Ta Biyu ba, ni da na tsani sunan, yanzu da zan ji shi ko sau ɗaya da na ji daɗi.

Kwanan baya 'yata ta fari, wadda ke aji uku yanzu, ta dawo da irin takardar nan tana cike gurabe a tsakar gida tana hamma, wai ta gaji da ita, kullum sai an sa su. Na zauna ina kallonta. Ita da ta gaji da takardar, da yarinyar da za ta fara ganinta a ɗakin jarrabawa, rana ɗaya za a auna su a ce wannan ta fi wannan. Idan na ji mutane suna cewa yaran ƙauye ba sa ja a karatu, raina ɓaci yake yi, don na zauna benci ɗaya da wadda ta fi duk wanda na haɗu da shi daga baya, har a jami'a. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Wani ɗan ƙaramin sani ta rasa, wanda a gari yake zube a tsakar gida, kuma yana cikin ledata.

Abin da wannan al'amari ya koya min shi ne, ba sai ka ɗaga hannu a kan mutum kake cutarsa ba, shiru ma yana yi. Duk abin da ka sani wanda na kusa da kai bai sani ba, komai ƙanƙantarsa, amana ce, kuma ranar faɗarsa ita ce ranar da ka sani, ba gobe ba. Na sa 'yata ta kwashi takardun nan da fensira mun kai makarantarmu ta dā, kuma zan ci gaba da kaiwa, amma ban ɗauka hakan ya biya ba. Biron nan yana cikin akwatina, tawadarsa ta daɗe da bushewa, murfinsa har yau ban cire ba. Idan Allah ya sa wannan rubutu ya kai gare ki, Ta Ɗaya, ba laifinki ba ne, ba kuma na Malam ba. Na sani tun wata biyu kafin ranar, kuma na ga lokacin da kika waiwayo. Ni ce ya kamata in ce ki yafe min.